Laftof ɗin Baban Yasmin

Talata, 17 ga Yuni, 2025

Yaya Tukur ya zo da hantsi. Ya ce dangi sun zauna, an tsayar da rabon gadon ƙaninsa farkon watan gobe, ba sai an jira na fita takaba ba. Malam Shu'aibu na Katabu ne zai raba. Na ce to. Ya ce a tattara duk abin da yake na mijina wuri guda, har agogo da takalma. Na ce to. Zai fita ya hango laftof a buɗe a kan teburin falo, ya ja ya tsaya. "Wannan fa, Mansura?" Na ce ta Baban Yasmin ce. Ya ce, "Af, ai ni na ɗauka taki ce."

Shekara shida ko bakwai ke nan ina aiki da ita. Duk rahoton da na kai ofis a kanta na buga shi. Ko yanzu da nake zaman gida ba su fasa turo mini aiki ba, wai don in rage tunani.

Na'ura ce dai. Zan nemi wata.

Alhamis, 19 ga Yuni

Humaira ta ofishinmu ta biyo da takardu. Na gaya mata ina neman kwamfuta. Ta ce wa ke sayen laftof yanzu, in sayi tabulet mana, falle guda kamar allo, a jefa a jaka a wuce. Ta zaro tata ta nuna mini. Duk fuskar ta yi dama-dama da yatsun yaranta.

Na ce ni ba kallon fim zan yi ba. Ina so in buga rahoto mai shafi talatin ba tare da yatsuna sun sage ba. Na'urar ta iya buɗe teburan lissafin ofis yadda suke, kada layuka su hau juna. Ta karɓi filash, don mutanen ofishinmu ba su san wata hanyar ba da aiki ba sai filash. Batirin kuma ya kai ni yamma.

Ta ce, "Ke dai Mansura, ko miji kike zaɓe sai haka." Sai ta tuna, ta toshe baki. Na ce mata ba komai, ta sha ruwanta.

Jumma'a, 20 ga Yuni

Ruwa tun asuba, wuta ba ta zo ba. Laftof ta ɗauke ban kai rabin shafi ba. Batirinta ya daɗe da gajiya, dama.

Litinin, 23 ga Yuni

Tunda ba ni fita, Humaira ta je shagon masu waya a kasuwa ta kira ni ta bidiyo. Mai shagon ya yi ta ɗaga mini tabulet-tabulet ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya ɗauko sai ya ce, "Hajiya, wannan ta fi laftof." Na tambaye shi kibod, ya ce kyamararta uku. Na sake tambaya, ya ce tana da kala huɗu. Mtsw.

Abin da na fahimta dai: ƙananan ba su da amfani gare ni, waya ce kawai ta yi ƙiba. Manyan kuma, in an haɗa musu kibod da jaka da caja, nauyin ya kusan komawa na laftof. Wasu suna cin sim, wasu sai an jona su da waya. Ina son mai sim. Ba na son roƙon kowa intanet a ofis.

Ya yarda Humaira ta kawo mini biyu gida in gwada, tunda ya san mijinta.

Laraba, 25 ga Yuni

Yasmin ta zo daga Unguwar Sarki. Tun rasuwar mahaifiyarta a wurin kakarta take, kuma ko da na shigo gidan nan ba ta dawo ba. Ni da ita gaisuwa ce da sannu da aiki, ba faɗa ba wasa. Ta girma, tana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya.

Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa. Ta sha kunun aya rabin kofi. Can ta ce, "Anti, na gaya wa Baba Tukur, ni cikin kayan Abba ba na son komai sai kwamfutarsa. A sa mini ita a rabona." Wai tana rubuta aikinta na kammala karatu, a ta ƙawarta take yi. Wai kuma a kan wannan kwamfutar Abbanta ya koya mata buga sunanta tana firamare.

Ban san wannan ba. Kafin zuwana ne.

Na ce Allah ya kai mu. Ta kalli teburin, ta ga takarduna a baje kusa da ita, ta ce, "Au, Anti, aiki kike yi da ita?" Na ce ɗan kaɗan.

Asabar, 28 ga Yuni

Malam Shu'aibu ya zo duba kaya, shi da Yaya Tukur. Dattijo ne mara hayaniya, da tsohuwar lema a hannu. Na zauna daga ƙofar ɗaki da hijabina. Ya yi addu'a, ya bi kaya ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan laftof ɗin.

Yaya Tukur ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan a hannun iyalinsa take shekara da shekaru."

Malam ya juyo wajena. "Malama Mansura, ba ki ita ya yi, ko aro ya ba ki?" Ya ce in kyauta ce kuma na karɓa tun yana raye, to tawa ce, ba ta shiga gado. In aro ce, ta magada ce duka. Ya ce an tambayi yarinyar, ta ce duk abin da na faɗa ba za ta musa ba.

Ya ce in tuna a tsanake, ba sai yau ba, ranar rabo ma ta isa.

Na san ina iya cewa a sa mini ita cikin tumunina. Amma yarinya ta riga ni roƙo, kuma ba zan tsaya gaban surukai ina ja-in-ja da marainiya a kan kwamfuta ba. Don haka hanya ɗaya ce ta rage: in ce ya ba ni.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na tuna ranar sarai. Tawa ta faɗo daga kan firji ta fashe, ga rahoto ana jira ranar Litinin. Ina ta masifa ni kaɗai a kicin. Ya shigo da tasa a hammata, ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Yi aikinki da wannan kafin mu ga yadda za a yi da taki." Shi ke nan. Ba a taɓa ganin yadda za a yi da tawa ba. Haka yake, komai sai ya ce za a gani.

Na juya maganar nan ta kowace fuska yau. Babu kyauta a cikinta.

Talata, 1 ga Yuli

Humaira ta kawo biyun.

Ta farko baƙa ce, fuskarta tas, hoto kamar ka taɓa. Kibod ɗinta kuwa laushi kamar katifa, ina bugawa haruffa suna tserewa. Na buɗe teburin lissafin watan jiya, rabin layukan suka ɓuya, sai na yi ta jan su da yatsa. Ba ta da ramin filash, sai an sayo wata 'yar igiya daban, wadda na san sati guda za ta yi a jakata ta ɓace.

Ta biyu ruwan toka, ba kyau, ta fi nauyi. Amma kibod ɗin yana manne mata da ƙarfi, maɓallan suna da tauri, akwai wurin jan kibiya a ƙasa kamar na laftof. Tana cin sim. Na buɗe takardu biyu gefe da gefe, ta yi. Na sa ta aiki tun safe, har la'asar ba ta nemi caji ba.

A cinya ce ba ta zama, sai ta kife baya. Dole tebur.

Ba ni da abin da zan kushe ta da shi sosai, kuma hakan ya ba ni haushi.

Alhamis, 3 ga Yuli

Humaira a waya: "Haba Mansura, mutum ya bar miki abu shekara bakwai bai taɓa cewa kawo ba, in ba kyauta ba mece ce? Ki ce ya ba ki, wallahi da za a tashe shi haka zai ce."

Wataƙila. Amma Malam bai tambaye ni abin da zai ce ba.

Na zauna gaban laftof ɗin bayan azahar ban kunna ba. Gefen da tafin hannu ke hawa ya yi sulɓi, fentin ya goge. Ban san ko hannunsa ne ya goge shi ko nawa ba. Ina son ta. Na rubuta a nan tunda ba mai gani: ina son ta, ba na son ba da ita, kuma haushin yarinyar nake ji alhali ba ta yi mini komai ba.

"Kyauta ce," kalma biyu ke nan. Ba wanda zai sa ni rantsuwa.

Jumma'a, 4 ga Yuli

Na ce wa Humaira ta mayar da baƙar, a bar mini ruwan tokar. Ko yaya ta kaya, mutum ya kwana da shiri.

Asabar, 5 ga Yuli

Na wuni kwashe aikina zuwa tabulet. Filash biyu, hawa da sauka. Nasa ban taɓa ba, suna nan a gefe yadda ya bar su: takardun wurin aikinsa, karatun malamai, hotunan wani ɗaurin aure da ban san ko na wa ba ne.

Kwashewar ba ta nufin na yanke shawara.

Lahadi, 6 ga Yuli

An yi rabo a falo bayan azahar. Maza a kan tabarma, mu mata daga ciki, ƙofa a buɗe. Yasmin tana kusa da kakarta, kanta a ƙasa.

Da aka zo kan laftof ɗin Malam ya ce, "Malama Mansura, kin tuna?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, aro ce."

Yaya Tukur ya ce, "Kin tabbata? Ba wanda zai ga laifinki fa." Na ce na tabbata. Malam ya ce Allah ya yi albarka, aka sa ta a rabon Yasmin, aka wuce zuwa firji.

Ban ji komai ba a lokacin. Na tashi na dafa wa baƙi shayi, na manta ban sa sukari ba, suka sha haka nan ba wanda ya yi magana.

Laraba, 9 ga Yuli

Yasmin ta zo ɗaukar laftof ɗin. Na riga na goge ta, na naɗe cajar, na sa a jakarta ta asali.

Na yi niyyar miƙa mata kawai. Sai na ga ta kama murfin da hannu ɗaya za ta ɗaga, na ce, "Ke! Da hannu biyu, gefen hagu ya tsage." Daga nan na zauna. Na nuna mata yadda ake ɗan karkata bakin cajar kafin ta kama. Kada ta ɗora ta a kan katifa, zafi take yi ta ɗauke. In ta daskare kada ta yi ta danne-danne, ta ba ta lokaci, tana dawowa da kanta. Ta riƙa adana aikinta a filash kullum, don batirin ba amana gare shi ba.

Tana ta cewa to Anti, to Anti. Sai ta ce, "Anti, Baba Tukur ya ce da kin ce taki ce, da shi ke nan." Na ce ai ba tawa ba ce. Ta fara share ido da bakin mayafi. Na ce ta tashi kada hadari ya tare ta a hanya.

Har bakin ƙofar gida na raka ta, iyakar inda nake zuwa. Teburin na goge shi na ɗora tabulet a wurin.

Litinin, 14 ga Yuli

Na gama rahoton wata uku a kan tabulet, na tura. Ba abin da ya ɓace. An ɗauke wuta sau biyu ban ma sani ba. Humaira ta ce ba ta gaya mini ba? Na ce ta gaya mini.

Alhamis, 24 ga Yuli

Tabulet lafiya lau. Na saba da kibod ɗin. In wani ya tambaye ni zan ce ya sayi irinta, ya dai tabbatar yana da tebur.

Na kira Yasmin ɗazu in ji ko cajar tana kamawa. Ta ce tana kamawa. Shekaranjiya ma na kira a kan zafin da take yi, ta ce ba ta yi. Yau muka zarce, ta ba ni labarin malamin da ke duba aikinta, wai ya mayar mata da babi na biyu har sau uku. Na ce ta turo in duba mata teburan, aikina ne. Ta yi dariya, irin ta babanta sak, har sai da na janye wayar daga kunne kaɗan.

Na ce in kwamfutar ta ba ta matsala kada ta kai wa masu gyaran Zariya, su kwance ta su ɓata. Ta kawo ta nan Abakpa in gani, ta kwana biyu in ta so, ɗaki yana nan. Ta ce to, amma har yanzu ƙalau take aiki.

Ni ban iya gyaran kwamfuta ba, ko kusa. Na dai sa an wanke labulen ɗakin.