Kada a Sare Saurar Kaka

Daga ƙaninka Habibu, wanda ya sauke Alƙur'ani, ya ƙoshi da fiƙihu da nahawu a birnin Katsina, zuwa ga Yaya Mamman a Adamawa. Aminci ya tabbata a gare ka. Ina gajiya, yaya iyali, yaya baƙunta? Allah ya sa ƙafar uwargida ta yi sauƙi.

Bayan haka, maƙasudin wannan wasiƙa shi ne saurar nan ta bakin rafi, wadda Kaka ya yi wasiyya a riƙa barinta ta huta. Gidanmu ya tumbatsa, bara kaɗai sau biyar aka yi suna. Saboda haka Baffa Audu ya ƙudurta sare ta bana, har da ɗorawar ciki, ya shuka auduga domin masaƙan Maska.

Na miƙe gaban dattawa na kafa hujja bayyananniya: bakuna suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, in aka hana ta hutu za ta hana jikokinmu tuwo. Na ce mu wadatu da tsofaffin gonaki, mu gayyato Fulani su kwantar da shanu a ciki. Sai Baffa ya ce, "Malam ƙarami, ɗauko nahawun naka mu zuba a rumbu." Aka bushe da dariya. Tun ranar ni kaɗai nake cin tuwo a zaure.

Kai ne babba, kai kaɗai Baffa zai saurara. Ina gaida yara, a kuma sa ni a addu'a. Lalle ina bukatar amsarka a rubuce ta hannun fatake kafin watan Rajab ya tsaya, domin an riga an kai gatura maƙera.

Wassalam.