Takalman Fermín

Loma Porá, Afrilu 2002

Zuwa ga 'yata Griselda,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya Buenos Aires, yaya mutanen gidan da kike wa aiki, yaya karatun jinya? Mahaifiyarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan lafiya lau muke, in ban da ƙafata ta hagu, wadda ta riga ni yin suna.

Bayan haka, gara ki ji daga gare ni kafin wani magulmaci ya aiko miki da jarida. Ubanki ya shiga gaban majalisar dokokin lardi da takalmi ƙafa ɗaya, kuma ba wanda ya jawo masa sai kansa.

Kin san an gayyace mu, mu da aka kai yaƙin tsibiran Malvinas muna samari, wai za a karrama mu tunda an cika shekara ashirin. Mahaifiyarki ta ce in sa takalmina na zane wanda ya san halin ƙafata. Ni kuwa na ce Nicanor Maidana ba zai tsaya gaban manya da takalmin masu noman rogo ba. Na je na aro na kawunki Cirilo, baƙin nan mai tsinin baki da yake zuwa rawa da shi. Lissafina shi ne ƙafar da ta rasa yatsu uku ba za ta rasa wurin zama ba. Kin ga amfanin tsayawa a aji huɗu.

Aka zaunar da mu a jere, aka fara jawabi. Wannan ya tashi ya ce mu ne ƙashin bayan ƙasa, wancan ya ce mu ne zuciyarta, wata ta ce mu ne jininta. Kafin su gama rarraba mu a jikin ƙasa, ƙafata ta kumbura kamar burodi. Na sunkuya a hankali na zare takalmin, safar ta biyo shi, na ji daɗin da rabona da shi tun ranar aurena. Ban ankara ba sai na ji an kira sunana. Na tura, na danna, na roƙi takalmin nan da girman Allah, ya ƙi. Aka sake kira. Haka na tashi, ƙafa ɗaya ta Cirilo, ɗaya tawa.

Ɗan majalisar yankinmu ne ya rataya mini lambar yabo, wanda muke kira Mai Turare. Da ya duba ƙasa ya ga abin da ya gani, zauren ya yi tsit. Kin san ubanki, shiru na ba shi tsoro. Sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, sauran yatsun ukun suna can tsibiri suna riƙe mana fili." Na jira dariya, ba wanda ya yi. Wata 'yar majalisa ta fashe da kuka, aka miƙe ana tafi, masu hoto suka durƙusa gaban ƙafata kamar masu neman gafara.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Ba lamba ta kai ni can ba. A ranar suka amince da dokar da ta ce duk makarantar da ke neman mai kula da ita, a fara ba tsohon soja. A garinmu gurbi ɗaya ne, mu kuwa biyu ne, ni da Fermín Ojeda, ubanki na baftisma. Ni ina da chipa, burodin rogon nan da mahaifiyarki ke toyawa tana sayarwa, wani lokaci kuma a kira ni aikin gini. Shi ba shi da komai sai kwalekwale da kogi. Tun da matarsa ta tafi yake zaune a bukkar nan, sai ya yi mako bai yi magana da kowa ba. Ya ƙi zuwa bikin, ya ce ya ji busar soja ta ishe shi. Ni kuma na ce a raina in har ya samu abin da zai tashe shi kowace safiya, ƙararrawa da hayaniyar yara, wataƙila ya daɗe tare da mu. Shi ya sa na je, don in samu kunnen Mai Turare in ambaci sunansa.

To, Mai Turare ya ɗaga hannuna sama ya sanar cewa gurbin Loma Porá na mai wannan ƙafa ne. Na buɗe baki zan ce Fermín, 'yan badujala suka saki taken ƙasa. Ba a magana ana taken ƙasa. Da aka gama kuma an janye shi zuwa wajen cin abinci.

Fermín ɗin nan shi ya goya ni a bayansa cikin ƙanƙara daga raminmu har asibiti, ranar da ƙafar ta mutu. Tun daga nan yake kirana Gurgu, ni ina kiransa Jakina. Ni ciwona ya fito a hoto, nasa ba inda za a ɗauka.

Zan koma birni in gyara ɓarnar da na yi. Ki sa mu a addu'a. Kawunki Cirilo ya ce takalminsa ya buɗe, wai ba zai sake rawa da shi ba.

Ni ne mahaifinki,
Nicanor

Loma Porá, Mayu 2002

'Yata Griselda,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan tarin da kika ce yana damunki ya sake ki. Takardarki ta iso, an karanta ta sau uku, maƙwabta ma sun samu rabonsu. Na ga kin ce kin yi kuka da kika ga hoton. Ban ga dalili ba, ai ƙafar ta fi fuskar kyau.

Na koma birnin kamar yadda na ce. Ban ga Mai Turare ba, amma sakatariyarsa ta saurare ni har ƙarshe, mace mai kirki, har da ba ni kujera. Ta ce aikin ba riga ba ne da zan cire in ba wani. Ta ce duk wanda aka taɓa kwantarwa a ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, kamar Fermín, sai likitoci sun zauna a kansa kafin a bar shi kusa da yara, kuma zamansu ba kusa ba. In na ƙi karɓa, gurbin zai tafi wani gari. Na ce mata ai yaƙin da kuka karrama shi ne ya kwantar da shi. Ta ce ta sani, ta duƙar da kai. Ban iya jin haushinta ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da na dawo na faɗa wa mahaifiyarki ina tunanin ƙin karɓa duk da haka. Sai ta ɗauko kwandon chipa da ta dawo da shi daga tasha, rabi bai sayu ba, ta ajiye a gabana. Washegari na kama aiki.

Yanzu ni ne mai buɗe ƙofa, mai shara, mai kaɗa ƙararrawa, mai dafa wa yara shayin mate da madara a babbar tukunya. Madarar dai sunanta ne ke shiga. Yaran bana da yawa ba karatu ke kawo su ba, wannan kofin ne da guntun burodi. Sun sa mini suna Bakwai, kin san dalili, yatsun ƙafa suka ƙirga.

Na yi kwanaki ina kewaye hanyar kogi kamar wanda ya saci akuya. Ran Lahadi na daure na je. Na tarar da Fermín yana gyaran raga, ya zuba mate ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na fara kame-kame, ina ba shi labarin takalmi da badujala da sakatariya, na ce don shi na je amma na dawo da rabonsa a aljihuna. Griselda, sai mutumin nan ya yi dariya. Dariya sosai, har da tari. Rabon da in ji ta tun kina goye.

Ya ce, "Kai Gurgu, har yanzu ba ka da wayo. Kai ka je wajen 'yan majalisa kana roƙa mini, ni na je wajen Uwarmu mai tsarki ta cocin Itatí ina roƙa maka. Ka ga wanda ya san ofishin da ake zuwa."

Ashe tun da aka fara maganar dokar ya yi bakance cewa in na samu aikin, zai taka da ƙafa daga nan har Itatí ranar idinta a tsakiyar Yuli. Wai ni ke da bakunan ciyarwa, shi kuwa kifi ba ya tambayar takardar likita. Na zage shi, na ce jaki dai jaki ne, ko an sauke masa kaya sai ya nemi wani. Ya nuna mini tsofaffin takalmansa na fata, ya kai an yi musu sabon tafi saboda tafiyar.

Na dawo gida da sauƙi a ƙirjina. Ina ganin ya fara warwarewa. Shekaranjiya ma ya zo har gida ya kawo wa mahaifiyarki rediyonsa, ya ce ta riƙa jin waƙa tana tuya, shi surutun ya ishe shi. Ya tambaye ki. Ki rubuto masa ko layi biyu ne, ni zan kai.

Ki riƙa rufe ƙirjinki, sanyi ya fara.

Mahaifinki,
Nicanor, wanda ake kira Bakwai

Loma Porá, Yuli 2002

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Mu ma da sauƙi. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ubanki na baftisma ya rasu. A tsakiyar watan jiya ne, makon da muka ajiye makamai a tsibiri, wanda kowace shekara yakan rufe kansa a ɗaki. Bana bai rufe ba, ya fita kogi. Masunta suka tsinci kwalekwalen yana yawo shi kaɗai, raga a naɗe, ba ta ko jiƙe ba. Bayan kwana biyu ruwa ya mayar mana da shi can ƙasa da gari. Ban rubuto da wuri ba saboda duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji ina neman abin dariyar da zan fara da shi, ban samu ba.

Fada, limamin cocinmu, ya ce hatsari ne, ya yi masa salla cikakkiya, Allah ya saka masa. Ba wanda ya ce wani abu daban, ba kuma wanda ya kalli idon wani. Ni dai abin da na riƙe shi ne, mutumin da ya kai takalmansa gyara tafiya yake da niyyar yi. Da rana wannan na isata. Mahaifiyarki kuwa ta kashe rediyon ta sa shi a ƙasan akwati.

Takardar da kika rubuto masa ta iso bayan an binne shi. Na je kabarinsa na karanta masa, da irin karatuna, ya yi haƙuri da ni kamar kullum. Majalisa ta aiko da furanni, da faɗinsu ya hana su shiga ƙofar bukkar, sai a waje aka jingine su. An kuma aiko da lambarsa da bai je ya karɓa ba. Ba zan ce ba su kyauta ba. Na ji ma an ce likitocin za su zauna a watan gobe.

Ranar Litinin ina wanke tukunya a makaranta sai ga tsohuwarsa, Doña Eulogia, ta tako da sandarta tun daga bakin kogi, da ƙunshi a hammata. Ta ƙi zama. Ta kwance ƙunshin a kan teburin yara, takalman ne.

Ta ce, "Nicanor, Uwarmu ta cika nata, ga ka da tsintsiya a hannu. Shi bai cika nasa ba. Bakance ba ya bin mutum kabari, nan yake tsayawa, mai shi kuma ba ya kwanciya sai an sauke. Da ina da ƙafa da ban zo ba."

Na so in ce mata ni ma ai ƙafar rabi ce. Karo na farko a rayuwata bakina ya yi hankali.

Na samu shugabar makaranta, Malama Brítez. Ta ce hutun sanyi na yara ne da malamai, mai kula da makaranta fenti yake yi. Ta ba ni kwana uku daga aljihunta, ta ce in na wuce haka dole ta rubuta, kuma ina cikin watannin gwaji. Mai ƙafa lafiyayya kwana uku na isarsa zuwa Itatí. Ni da na san kaina, ko an ninka ban ce ba. Wato aikin da ya roƙa mini na iya tafiya a wajen biyan roƙon. Da Fermín ya ga wannan lissafi, da ya yi wata dariyar.

Kawunki Cirilo ya ce in hau mota in sauka kusa da gari in taka sauran, wa zai sani. Na ce masa mutumin da ya goya ni bai sauke ni a rabin hanya ba. Mahaifiyarki kuwa, na jira ta yi faɗa, ba ta yi ba. Tun jiya take toya chipa tana ɗaurewa a tsumma, ba na sayarwa ba.

Na gwada takalman. Jakin nan ƙafarsa kamar faranti, tawa ta dama ma tana yawo a ciki balle ta hagu. Na rasa abin cusawa, sai na tuna jaridar nan mai hoton ƙafata, mahaifiyarki ta adana har guda uku. Na duƙunƙune su na cika gurbin yatsun, suka zauna daram. Ki ga, karramawar ta yi amfani.

Jibi da safe zan kama hanya tare da mahaya dawakin da ke zuwa idin, su a sama ni a ƙasa, har inda za su iya jirana. Kada ki aiko da komai, kada kuma ki bar aikinki ki taho. Ki dai kunna wa Fermín kyandir a cocin da ke kusa da ke. In kin ji an ce an ga wani gurgu a bakin titi yana zagin takalmansa, kada ki ji kunya, ubanki ne. Fermín ya ɗauke ni wancan karon, yanzu layi ya zo kaina, kuma na san zai yi nauyi.

Ki gaishe da mutanen gidanku. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Nicanor Maidana