Daddawar da ta je Jidda ta dawo

Assalamu alaikum Yaya Hajiya Dije,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwoyin nan, yaya 'ya'ya da jikoki? Mu nan Sheme lafiya lau, dawa ta shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Ɗana Sanusi ya dawo daga Umra, kuma har yau ban amsa gaisuwarsa ba. Na ba shi daddawa da kuka ya kai miki hannu da hannu, ya ɗauko mini hotonki, don rabon idona da ke tun gemuna yana baƙi. Da aka buɗe jakarsa, sai warin daddawar ya tarbe ni. Ta sha iskar Jidda ta dawo gida, ba ta gan ki ba.

Wai ranar da ta rage musu, abokan tafiya suka ja shi kallon tsohon gari. Har ya zauna yana nuna mini a waya: ga tagogin katako masu ado, ga Ba'indiye mai turare, ga mutumin Yaman mai zuma, ga jiragen ruwa. Ya ce, "Baba, garin nan duk tarihi ne." Na ce, "Tarihin gidanku yana zaune a garin, yana jiran miyar kuka, ka wuce shi."

Yaya, mun tsufa, ban san ko za a sami wani mai zuwa kafin ɗayanmu ya tafi ba. Kada ki ce na manta da ke. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. Jikanki ya ɗauke ki hoto ya turo wayar Sanusi. Ki tsaya a bakin taga, tunda ita kaɗai idonsa ke gani.

Ƙaninki,
Idi