Ganɗar Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ciwon ƙafar?

Har yau ba mu karɓi gawar Baba ba. Motar da ya shiga ta ƙone ƙurmus, gawa uku suka rage a asibiti ba wanda ya iya gane su. Inna ta hana kowa yi mata ta'aziyya, ta ce ƙila ya sauka a hanya. Ko ƙofa ce ta motsa sai ta miƙe.

Jiya likitan haƙori mai binciken gawa ya neme ni. Ya ce da haƙora suke gane mutum, to biyu daga cikin gawarwakin tsofaffi ne, babu haƙori ko ɗaya. Saura ganɗa, wato rufin baki. Tana da 'yan tudu-tudu a jere, kowa da irin nasa kamar zanen yatsa, kuma harshe da kumatu sukan kare ta daga wuta. Ka san ni na haɗa wa Baba haƙoran roba a wurin aikinmu, yana ta mita wai na cika masa baki da siminti. Samfurin bakin nasa da na ɗauka a lokacin yana nan kan kantar ɗakin aiki. Na naɗe shi a ɗankwali na kai musu.

Sun ce sakamako sai jibi. Na kasa zaune na kasa tsaye. Sau uku na share ɗakin aiki yau.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida yara. Allah ya sa kuna lafiya.

Baba ne. Likitan ya ajiye samfurina da wanda ya ɗauka daga bakin gawar gefe da gefe, ya ce in duba da idona tunda sana'ata ce. Tudu huɗu a dama, uku a hagu, na tsakiya ya rabu biyu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. A kan bencin jira na kama kaina ina addu'ar samfurin ya dace, don dai a huta. Wace irin 'ya ce ke roƙon haka?

Mun binne shi da safe. Inna ta yi kuka, ta ci abinci, ta yi barci bayan azahar. Ni ce har yanzu nake zagaye tsakar gida. Ka zo, Yaya, ko na kwana biyu ne.

Taka,
Auta