Agogon da na manna wa kwalbar giya a Riyad

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ba wa'azi na zo nema ba, na riga na yi wa kaina.

Ni kafinta ne, ina aiki a wata warsha, wato shagon kafintoci, a unguwar Utaiƙa, na tsufa a ƙarƙashin kafili ɗaya, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, wanda ko sannu bai iya ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma katako kam na san shi. Kwanakin baya kafilin ya zo da hoto a waya, wai wani Bature abokinsa ke son agogon bango, zagayayye kamar murfin ganga, da ganye da 'ya'yan inabi a sassaƙe. Na ce inabi ai halal ne, na kama aiki. Na yanka, na sassaƙa, na goge har ya yi santsi. Kuma kamar yadda nake yi wa duk aikina tun ina gida, na ɗauki ƙarfe mai zafi na ƙona sunana da lambar wayata a bayansa, saboda nan ƙasar kai za ka yi aiki, wani ya ce shi ya yi.

Bayan na gama ne direban Baturen ya kawo wata leda. A ciki akwai toshiyar kwalba guda goma sha biyu, wai a manna su a madadin lambobi, da kuma wata baƙar kwalba da za a raba biyu a liƙa a tsakiya. Ina buɗewa wari ya buge ni. Kwalbar giya ce, ta gaske, da takardarta a jiki, har da ɗan jan abu a gindinta. Na ce wa kafili ni ba zan taɓa ba, ya ce kwalba ce kawai babu komai a ciki, in daina surutu, ya kuma tuna mini iƙamata, takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa kuma shi ke sabunta ta. To na manna. Allah Ya yafe mini, na manna da gam mai ƙarfi wanda ba ya ciruwa sai katakon ya tsage.

Yanzu ya ce ranar Alhamis ni zan kai shi gidan Baturen da kaina, a bayan motar warsha. Na ce me ya sa ba direban da ya kawo ledar ba, ya ce kar in ƙara tambayarsa. Ni na san dalili. Hanyar ana yawan tsayar da motoci a duba iƙama, in ɗan sanda ya ɗaga bargon da na rufe agogon da shi ya ga kwalbar nan, kafilin nan zai rantse bai taɓa ganinta ba, kuma sunan wa ke ƙone a baya? Nawa. Wa zai tsaya ya ji bayanin baƙar fata mai guntun Larabci, wai ado ne? Tambayar da za su yi ita ce wa ya shanye abin da ke ciki. Daga nan sai kulle, sai tarhil, a mayar da ni gida da kayan jikina, ga yara suna makaranta.

Na gwada goge sunan, ƙunar ta shiga sosai, in na ci gaba bayan zai lotsa, kafili ya gane. Agogon yana nan ƙarƙashin tebur na lulluɓe shi, na cire batirin ma don ba na son jin ƙararsa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar warsha sai na leƙa na ga ko 'yan sanda ne. Abin haushin, tun da na zo ƙasar nan ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ba wanda zan iya nuna wa.

Jama'a, musamman ku da kuka daɗe a nan, in ɗauka in kai in yi ta addu'a a hanya? In ƙi, in rasa iƙama? Ko in sake shi ya faɗi ƙasa ya tarwatse, in ce hannuna ne ya kuɓuce?