Fuskar Petrona a Kan Kambin Sarki

Lima, Satumba 1688

Zuwa ga matata Petrona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Ursula. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, kewarku ce kawai ta hana ni sakat.

Babban zanen da ya raba ni da garinmu Kusko shekara uku ya kusa ƙarewa. A zauren wakilin sarki za a kafa shi. Tanadin Ubangiji ne a siffar mace, zaune kan gajimare, da sandar mulki a hannu, tana zuba alkama da inabi bisa kambin sarki. Sai dai na yi ɓarna, Petrona. Fuskarki na ba ta. Ban yi niyya ba, hannuna ne ya bi hanyar da ya sani, har da wushiryarki da tabon nan na gira.

Fada Anselmo, limamin cocin da ke duba aikin, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Melchor, wannan ai na ga alamar ta san kuɗin dankali a kasuwa. Tanadin Ubangiji ba 'yar gidan kowa ba ce." Ya ce ba sallama sai na shafe ta na sa fuskar da ba ta kowa ba. Ayarin alfadarai na ƙarshe mai zuwa Kusko zai tashi kafin ruwa ya rufe hanyar duwatsu. In ya wuce ni, sai baɗi.

Kwana shida ina ɗaukar burushi ina ajiyewa. A duk garin nan, a zanen nan kaɗai nake ganinki.

Mijinki mai begenki,
Melchor Huaman

Lima, Oktoba 1688

Petrona tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa na gida. Allah ya sa wannan wasiƙa ta riga ni isowa.

Na shafe ki. Da goshi na fara, idanu na bari ƙarshe, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Sabuwar fuskar fara ce sol, kamar ba ta taɓa hura wuta ba. Fada ya yaba, ya sa hannu a takardar sallama. Jibi za mu tashi.

Ga abin da bai sani ba. Fentin mai yana sirancewa idan ya tsufa, abin da ke ƙasa ya riƙa leƙowa. Shi ya sa ake shafawa sau uku, ni kuwa shafi ɗaya na yi, marar kauri. Nan da shekara arba'in, mun tsufa ko mun kwanta dama, manyan Lima za su ɗaga kai su ga matar Melchor tana ciyar da sarki.

Ki gaya wa Ursula mai furfurar da zai shigo babanta ne, kada ta gudu.

Naki har kullum,
Melchor