Baba Daudu a Ƙasan Jeri

Gwiwa, Litinin

'Yata Mairam,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Likitocin ido za su zo ranar Asabar, mutum hamsin kacal za su cire wa yanar ido kyauta. Mu kuwa mun rubuta ɗari huɗu daga Gwiwa da Roni da Babura. Kwamitinmu ya ce a fara da mafi tsufa. Kwana biyu ina fama da biro, kaina ya ɗau zafi. Ga fayil ɗin sunayen a filas na kwamfuta, kowane layi shekaru ne sannan suna. Ki taimaki tsoho.

Kawunki, Kaumi

Kazaure, Talata

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. An gama. Layi ɗaya na rubuta a baƙin allon kwamfuta, umarnin da ake kira sort, na ce ya faro daga babba. Ga takardar.

Mairam

Gwiwa, Laraba

Kai, Mairam! Wahalar kwana biyu a ƙiftawar ido! Kowa na gani sai na ce masa 'yar ƙanwata ce ta yi. Allah ya yi miki albarka.

Amma abu ɗaya ya hana ni sukuni. Baba Daudu na Roni, mai shekara ɗari da uku, shi ne na ƙarshe, a ƙasan wata 'yar shekara sha ɗaya. Da aka gaya masa, sandarsa kawai ya lalubo. Ashiru sakatarenmu ya ce kwamfuta ba ta kuskure. Ni dai ban yarda ba.

Kaumi

Kazaure, Alhamis

Kawu,

Wallahi kunya ta kama ni, laifina ne. Ban gaya wa kwamfutar cewa lissafi ne ba, sai ta duba farkon 103 kawai, ta ga 1 da 0, ta jefa Baba Daudu ƙasan 11. Na ƙara mata -n, alamar da ke sa ta bi lissafi, yanzu shi ne na ɗaya. Kai kaɗai ka karanta har ƙasa, Kawu, na jinjina maka.

Sai dai ta hamsin, Inna Dela, ta fita daga jerin. Ka ba ta haƙuri a madadina.

Mairam

Gwiwa, Lahadi

'Yata,

Na je gidan Dela da kaina, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Daudu? Ai sa'an babana ne. Ku ba shi, ni na jira baɗi."

Yau aka kwance masa bandeji. Ya koma Roni ba mai ja masa gora.

Ki huta lafiya.

Kaumi